Faston da Ya Zauna da Masu Laifin Nuremberg

A watan Nuwamba na 1945 aka buɗe shari'ar manyan jami'an gwamnatin Hitler a birnin Nuremberg na ƙasar Jamus. Rundunar Amurka da ke tsaron fursunonin ta nemi malamin addini da zai riƙa ziyartarsu, sai aka zaɓi Henry Gerecke, fasto na ɗarikar Lutheran daga jihar Missouri, saboda yana jin Jamusanci kuma ya saba wa'azi a gidan yari. Mutumin ya riga ya shiga sansanin gwale-gwale na Dachau ya ga abin da aka yi wa bayin Allah a can. Duk da haka ya karɓi aikin, yana bin su ɗaki-ɗaki, yana gaisawa da su hannu da hannu.

Mai karatu zai ce, to me za a gaya wa irin waɗannan mutane? Amsar tana cikin abin da Kiristoci suka gaskata game da gafara. A koyarwarsu, duk ɗan Adam mai zunubi ne, kuma ba wanda aikinsa na kirki zai iya biyan bashin da ke wuyansa. Sun yi imani cewa mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye ita ce ta biya wannan bashi, gafara kuwa kyauta ce, abin da suke kira alherin Allah. Tunda kyauta ce, girman laifi ba ya hana ta. Abin da ake nema daga mai laifi shi ne tuba da bangaskiya.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifin manyansa ba. Ya ba da labarin Sarki Dawuda da ya ɗauki Batsheba, matar sojansa Uriya, sannan ya sa aka tura mijin inda yaƙi ya fi zafi don ya mutu. Da annabi Natan ya faɗa masa gaskiya ido da ido, sai ya amsa laifinsa, aka gafarta masa. Amma jaririn da aka haifa ya rasu, gidansa kuma bai sake samun kwanciyar hankali ba. Bitrus, almajirin Yesu, ya yi musun ubangijinsa sau uku. Shawulu, wanda ya zama manzo Bulus, yana tsaye yana gadin rigunan waɗanda suka jejjefe Istifanus. Akwai kuma ɗan fashin da aka gicciye kusa da Yesu, wanda ya tuba rai na bakin fita, ba shi da sauran lokacin yin wani aikin lada, aka yi masa alkawarin Firdausi.

Zunubi ɗaya ne Linjila ta ce ba ya gafartuwa, wato saɓon Ruhu Mai Tsarki, kuma malamai da yawa tun daga Augustine sun fassara shi da taurin zuciyar da ke ƙin tuba har mutuwa.

Wannan ma'auni Gerecke ya riƙe, kuma a ganina nan ne labarinsa ya fi ƙarfi, don bai raba gafara kamar goron biki ba. Fritz Sauckel, wanda ya kwaso miliyoyin mutane daga ƙasashen da aka mamaye ya sa su aikin dole, ya durƙusa ya yi addu'a tare da shi. Wilhelm Keitel, babban hafsan soja, da Joachim von Ribbentrop, ministan harkokin waje, su ma sun furta zunubansu, faston ya ba su Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi na ibadar Kirista, bayan ya daɗe yana gwada su da tambayoyi. Hermann Göring kuwa, ɗaya daga cikin manyan fursunonin, ya nemi Jibin a darensa na ƙarshe, alhali yana faɗa a fili cewa bai yarda da Almasihu a matsayin mai ceto ba. Gerecke ya hana shi. Ba a jima ba Göring ya sha guba ya mutu, ranar 15 ga Oktoba 1946.

Gafarar da faston ya yi wa'azinta ba ta cire igiya daga wuyan kowa ba. Kafin gari ya waye ranar 16 ga Oktoba, an rataye mutum 10, har da ukun nan da suka tuba, shi ne kuma ya raka wasunsu zuwa wurin ratayewa yana addu'a. Kiristoci suna bambanta hukuncin kotu da hukuncin Allah: na farko haƙƙin waɗanda aka zalunta ne, tuba ba ta share shi.

Ko tubar tasu ta gaskiya ce, ko tsoron igiya ne? Mutane da dama a Amurka ba su yarda ba, har sun riƙa aika masa wasiƙun zagi suna kiransa abokin 'yan Nazi. Fushinsu ba na banza ba ne, don wanda aka ƙona danginsa ba zai ji daɗin a ce Aljanna tana da wurin Sauckel ba. Gerecke ya koma gida ya ci gaba da ziyartar fursunoni a jihar Illinois har rasuwarsa a 1961.