An Sa Sabuwar Sarƙa, Amma Keke Bai Daina Ƙara Ba

Sau da yawa mai keke yakan sayi sabuwar sarƙa, a ɗaura masa, ya hau yana murna. Kafin ya bar gari sai ya ji ƙara ta fi ta da. Wani lokaci in ya taka da ƙarfi, sai feda ta zame, ƙafarsa ta faɗa ƙasa. Wannan haɗari ne ga wanda ya ɗauko buhun hatsi ko ya goyo yaro. Daga nan sai ya ce an sayar masa da jabu. Ana samun jabu, amma galibi ba laifin sarƙar ba ne.

Sarƙa da firwil tare suke tsufa. Firwil shi ne ƙaramin faifai mai haƙora da ke jikin ƙafar baya. A sabuwar sarƙa, tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne daidai. Yau da gobe ƙura da yashi suna cin ƙusoshin, sai sarƙar ta ƙara tsawo. Ita kuma sai ta riƙa cin haƙoran firwil har su dace da tsawonta. Shi ya sa tsofaffin biyu suke zaman lafiya. Idan sabuwar sarƙa ta zo, ba ta samun wurin zama a tsakanin haƙoran. Sai ta yi ta gurza, ko ta tsallake.

Gane wannan ba wuya. Haƙorin sabon firwil yana da faɗi a samansa, kuma gefensa biyu iri ɗaya ne. Wanda ya ci yakan yi tsini kamar ƙaya, ko ya lanƙwashe kamar ƙugiya. In haka ne, babu man da zai yi magani, sai an canja firwil. Babban faifai na gaba, wanda yake haɗe da feda, ya fi daɗewa domin haƙoransa sun fi yawa. Amma shi ma a duba shi.

Akwai dabarar da za ta ceci firwil tun da wuri. A ari rula wurin ɗan makaranta. A ɗora farkon rula a tsakiyar wata ƙusa ta sarƙar. In sarƙa na da lafiya, wata ƙusar za ta faɗo daidai kan inci 12. In ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, sarƙar ta ƙare, kuma mai yiwuwa ta riga ta ɓata firwil. Wanda ya canja sarƙa kafin ta kai haka, abu ɗaya zai saya maimakon biyu.

To, idan an canja duka biyun kuma ƙarar tana nan fa? A nan kunne ne zai yi aiki. A kifa keken, sirdi a ƙasa, a juya feda da hannu a hankali, a saurara.

Da farko a daina juyawa, a bar ƙafar baya tana gudu ita kaɗai. Ƙaramar ƙara ta "tik-tik-tik" daga firwil ba laifi ba ce, haka aka yi shi. Amma in ana jin gurza, to ba sarƙa ba ce, domin a lokacin tana tsaye. A duba boris na cikin ƙafar, ko taya tana goga wani ƙarfe.

In ƙarar tana zuwa sau ɗaya duk zagayen feda, a wuri guda, a nemi laifin a gaba. A kama hannun feda a girgiza. In yana motsi shi kaɗai, ƙusar da ta riƙe shi ta saki. Guduma ake sa wa a buga ta ta shiga, sannan a ɗaure noti. Wanda ya ce da noti kaɗai zai jawo ta, zai lalata zarenta. In hannayen biyu suna motsi tare, boris na tsakiya ne. A tuna kuma, fedar hagu a juye ake ɗaure ta, ba kamar ta dama ba.

In kuwa ƙarar tana zuwa ne bayan zagaye biyu ko uku, akwai gaɓa ɗaya da ta ƙage a sarƙar. Yawanci wurin da aka haɗa ta ne. A juya feda baya, za a ga gaɓar tana ɗan tsalle idan ta zo kan firwil. A ɗiga mata mai, a lanƙwasa ta gefe da gefe da hannu har ta saki.

Wasu masu gyara suna ɗaure sarƙa tamau, wai don kada ta faɗi. Kuskure ne. Sarƙar da ta yi tauri tana kuka, tana sa keke nauyi, tana kuma cin boris. A danna tsakiyarta da yatsa. Ya kamata ta motsa sama da ƙasa kamar rabin inci. A gwada a wurare da dama ana juya feda, domin wani wurin ya fi wani tauri. Sannan a tsaya bayan keken a hanga. In ƙafar baya ta karkace, sarƙar za ta riƙa cizon gefen haƙora, ko ta goga murfinta. Sai a sassauta notin ƙafar a daidaita ta.

Maganar mai kuma, man gyaɗa da manja na miya ne. A jikin sarƙa sukan yi danƙo su tara ƙura, musamman lokacin hunturu. A wanke sarƙa da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga man inji kaɗan a kowace gaɓa. Daga nan a sa tsumma a goge na waje, domin a cikin gaɓa ake bukatar man.