Gubar Dalma: Abin da Bincike Ya Gano a Zamfara, da Abin da Ya Rage Gare Mu

A farkon shekarar 2010, agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Ba a jima ba sai ciwo ya faɗa kan ƙananan yara: amai, ciwon ciki, kasala, daga nan sai jijjiga da shiɗewa. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, an gwada na sanƙarau, duk a banza. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka tarar da sababbin kaburburan yara da yawansu ya wuce hankali. Da aka kai jinin wasu yaran ɗakin gwaji, sai ga amsa: gubar dalma ce. Kafin a shawo kan lamarin, yara aƙalla 400 sun rasu, dubbai kuma sun kamu.

Shekaru sun shuɗe, amma haƙar zinare ba ta tsaya ba, sai ma ƙaruwa da ta yi a Zamfara da Neja da Kebbi da Kaduna. Shi ya sa ya kamata kowa ya san abin da masu bincike suka gano a waɗancan ƙauyuka. Sai da likitoci da masana duwatsu da injiniyoyi suka haɗa kai kafin a gane bakin zaren, kuma mafi yawan abin da suka gano magidanci da uwargida za su iya aiki da shi ba tare da jiran kowa ba.

Abin da likitoci suka tarar

A tsakiyar 2010, masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, tare da jami'an lafiya na Najeriya, suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin cikawa.

Ana auna dalma a jini da maikirogiram a cikin kowace desilita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ta kai 5, a nemo inda yaro ke samunta a raba shi da wurin. Idan ta kai 45, akan fara maganar ba shi maganin da ke fitar da ita. A waɗannan ƙauyuka biyu, kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka gwada sun kai 45 ko sun wuce. Na'urar gwajin da aka zo da ita iyakarta 65, jinin yara da dama kuwa ya zarce haka, har sai da aka riƙa tsarma jinin kafin a iya karanta adadin.

Me ya sa yara suka fi shan wahala alhali manya ne ke aikin? Dalili na farko shi ne ɗabi'ar yaro: yana rarrafe, yana wasa da ƙasa, komai ya ɗauka sai baki. Na biyu, cikin yaro na tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke tsotsewa, kuma abin ya fi muni idan yana jin yunwa ko jikinsa na da ƙarancin sinadaran ayon da kalsiyam. Jiki yakan ɗauki dalma a matsayin kalsiyam, sai ya kai ta ƙashi da haƙora da ƙwaƙwalwa. Tana hana jiki ƙera jini yadda ya kamata, tana lahanta ƙoda, idan ta yi yawa kuma ta kumbura ƙwaƙwalwa. Wadda ta taru a ƙashi takan zauna shekaru masu yawa. Yarinyar da ta sha gubar tana ƙarama, idan ta girma ta yi ciki, dalmar kan fito daga ƙashinta ta shiga jini ta isa ga ɗan da ke ciki.

Abin da masana duwatsu suka gano

Tambayar da ta dami mutane ita ce: an daɗe ana neman zinare a wannan yanki, me ya sa sai yanzu? Wani ɓangare na amsar yana kasuwa. Bayan durƙushewar tattalin arzikin duniya a 2008, farashin zinare ya haura dala 1,000 kowace oza. Manoma da dama suka koma haƙa. Aka riƙa kwaso duwatsu a buhuna ana kawowa cikin gari, ana farfasawa da guduma, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a irin injin da ake niƙa hatsi, ana wankewa, ana shanyawa a tsakar gida. Binciken CDC ya nuna cewa kusan gida biyu cikin uku a ƙauyuka biyun nan ana wani ɓangare na wannan aiki a cikinsa.

Ɗaya ɓangaren amsar yana cikin dutsen kansa. Masana daga hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun ɗebi samfurin dutse da ƙasa da shara da abinci, suka wallafa sakamakonsu a 2013. Sun gano cewa jijiyar dutsen da ke ɗauke da zinaren tana tafe da dalma mai yawan gaske. Abin da ya ƙara dagula al'amari shi ne, tun kafin wani ya sa diga, ruwa da iska sun daɗe suna sauya wannan dalma zuwa wani nau'i da ke saurin narkewa a ruwan cikin ɗan Adam. Ana niƙa dutsen ya zama gari, iska ta watsa shi, ya sauka a ƙasa da tabarma da kwanon abinci.

A wasu samfuran ƙasa da shara an sami dalma har kashi 185,000 cikin miliyan. Ma'ana, a buhu mai nauyin kilo 100 na irin wannan ƙasa, sama da kilo 18 dalma ce. A lokacin, iyakar da Amurka ta amince da ita a filin wasan yara kashi 400 ne cikin miliyan. An kuma same ta a hatsi da kayan miya da aka shanya ko aka daka a gidajen. Babbar hanyar da ta bi ta shiga jikin yara ita ce daga hannu zuwa baki, sai ƙurar da aka shaƙa ta maƙale a maƙogwaro aka haɗiye.

Wannan ƙura ba ta wari, ba ta da wani launi na daban, kuma ba ta ruɓewa. Tafasa ruwa ba ya kashe ta. Inda ta sauka nan za ta zauna har sai an kwashe ta.

Na'ura, shebur da magani

Da yake ido ba ya bambance gurɓatacciyar ƙasa da mai kyau, an yi amfani da wata na'urar hannu mai suna XRF. Ana ɗora bakinta a kan ƙasa, ta haska ta, nan take ta nuna yawan dalmar da ke wurin. Da ita aka bi ɗaki-ɗaki, lungu-lungu, aka san inda za a kankare. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha da matasan ƙauyukan, suka kwashe saman ƙasar gidaje, aka binne ta a ramuka na musamman a bayan gari, aka zuba sabuwa. Tsakanin 2010 da 2011 an share ƙauyuka bakwai, ciki har da Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke. Sarakuna da masu gari sun taimaka ƙwarai wajen sa mutane su fitar da aikin dutse daga cikin gidaje.

Maganin da aka ba yara sunansa DMSA. Ana sha ne, ya kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Rahoton da likitocin MSF suka wallafa a 2014 kan yara fiye da 1,100 ya nuna cewa maganin na rage dalma a jini ko a karkara mai ƙarancin kayan aiki, kuma mace-mace sun ragu sosai. Sai dai akwai gaskiya biyu da ya kamata iyaye su riƙe. Ta farko, magani ba ya amfani idan yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Wannan ne ya sa yaran garin Bagega, wanda ba ya cikin bakwai ɗin da aka share, suka yi ta jira har 2013, sai da matasa masu fafutuka irin su Hamzat Lawal suka matsa lamba gwamnatin tarayya ta saki kuɗin sharar garin, sannan aka fara ba su magani. Ta biyu, maganin ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta lahanta. Wasu daga cikin yaran da suka tsira sun tashi da makanta, ko shanyewar gaɓoɓi, ko wahalar koyo.

Daga baya an gwada hanyar hana ƙurar tashi tun daga tushe. Ƙungiyar OK International da MSF sun yi aiki da masu haƙa da masu niƙa, aka sa ruwa yana fesuwa a bakin inji, aka tanadi wurin wanka da sauya tufafi kafin a koma gida. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna dalmar da ke cikin iska ta ragu da kusan kashi 95 cikin ɗari, ƙurar dutse mai lalata huhu ta ragu da kusan kashi 80, dalmar da ke jinin ma'aikatan ma ta sauka. Ba a hana kowa sana'arsa ba, salon aikin aka sauya.

Ba Zamfara kaɗai ba

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A 2015, yara 28 suka rasu a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ciki har da Shikira, ta wannan hanya dai. Mazauna birni ma kada su ce ba ruwansu. Tsakanin 2007 da 2008, yara 18 sun rasu a unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, saboda fasa tsofaffin baturan mota da ake yi a cikin unguwa don a ciro dalma a sayar. Irin wannan sana'a tana nan a garuruwanmu.

Akwai kuma kwalli. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu da dalma a jini. Da aka auna tozalin da ake sa masa, fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Kwallin dutse mai sheƙi sau da yawa dutsen dalma ne aka niƙa. Jariri ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan. Wasu fenti, da wasu tukwanen da ake narka tarkacen ƙarafa a zuba, su ma kan ɗauke ta. Wani rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya na da dalma a jini da ta kai 5 ko fiye. Mafi yawansu ba sa nuna alamar ciwo. Illar kan fito daga baya, a aji, lokacin da yaro ya kasa riƙe karatu ana ce masa daƙiƙi.

Abin da ya kamata a yi

Mai aikin dutse kada ya shigo da dutse ko garinsa ko buhunsa cikin gida. A keɓe wurin aiki nesa da gari da rijiya da tafkin da dabbobi ke sha. A niƙa da ruwa. In an tashi, a yi wanka a sauya kaya da takalmi a can, kafin a zo a ɗauki yaro. Turmi da inji da buhun da suka taɓa dutse kada su sake taɓa hatsi. Kada a buga tubali da ƙasar wurin wanke garin dutse. Zaibar da ake ƙonawa don ware zinare ita ma guba ce, kada a ƙona ta a ɗaki ko kusa da yara.

Yara da masu ciki da masu shayarwa ba su da abin yi a wurin niƙa, ko da tallar abinci ce. A wanke wa yaro hannu da sabulu kafin ya ci, a shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, a rufe abinci da ruwan sha. A yayyafa ruwa kafin shara. A ba shi abinci a kan kari, da wake, zogale, kuka, nono, kifi da lemo gwargwadon hali, domin cikakken ciki ya fi rage tsotsar dalma. A daina sa wa jarirai kwallin dutse.

Idan kaji da agwagi suka fara mutuwa ba dalili a garin da ake aikin ma'adinai, ko yara suka yi ta jijjiga maganin zazzaɓi bai yi musu aiki ba, a garzaya asibiti, a faɗa wa likita irin sana'ar da ake yi a gidan, a roƙi a gwada jini. Kada a ɓoye don tsoron a hana haƙa, kada kuma a tsaya ga cewa iska ce ko sammu. Gwajin jini kaɗai ke tabbatar da wannan cuta.

Hukumomi kuma nauyinsu a bayyane yake: na'urar gwajin jini da magani a asibitocin yankunan haƙa, auna ƙasa kafin a buɗe sabon rami, da sa ido kan masu fasa batir a cikin unguwanni. Malamai da limamai da masu unguwanni su riƙa faɗar wannan magana a masallaci da majalisa da wurin suna. An san sanadin ciwon, an gwada hanyar kariya an ga ta yi aiki. Ya mai karatu, in kana da ɗan'uwa mai aikin dutse ko maƙwabci mai fasa batir, ka isar masa da saƙon nan tun kafin a kai ga asibiti.