Za Ka Taro a Kartahena? Ga Gaskiya, Ga Jita-jita

Da zarar mutum ya ce an gayyace shi taro a Kartahena, birnin da ke gaɓar tekun Karibiyan a ƙasar Kolombiya, sai masu ba da shawara su yi masa caa. Abin takaici, yawancin tsoron da ake cusa wa matafiyi ba inda ya dace ake ɗora shi ba. Abin da ya fi hana mutane halartar taron ko ya ɓata musu rai shi ne takardu da ƙananan cinikayya, su kuma ba a cika maganarsu ba.

"Garin 'yan ƙwaya ne, ana yaƙi a can." Wannan tsohon labari ne. An kashe babban dillalin ƙwaya Pablo Escobar tun 1993, kuma a Medelin, can cikin tsaunuka, nesa da gaɓar teku. A Kartahena ƙasashen 'yan-ba-ruwanmu suka yi taron ƙolinsu a 1995, shugabannin nahiyar Amurka suka taru a 2012, sannan a watan Satumban 2016 gwamnati da 'yan tawayen FARC suka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ta farko a harabar babbar cibiyar taro da ke unguwar Getsemani. Sai dai akwai 'yan sane da masu fizgen waya. Haka kuma gaskiya ne ana samun masu zuba wa baƙo maganin gusar da hankali a abin sha don su yashe shi. Kada ka karɓi abin sha daga hannun wanda ba ka sani ba, kada ka riƙa yawo da waya a hannu cikin dare. Lambar neman agaji 123 ce.

"Takardar gayyata ta isa." Ƙarya ce, kuma ita ta fi cutar da mutane. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Kolombiya tun kafin ya tashi, ta intanet ake cike takardun. Ba jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma, dole a yada zango. Idan ta Madrid ko Paris ko Amsterdam za ka bi, ɗan Najeriya da ɗan Gana yawanci suna buƙatar bizar wucewa ko da ba za su fita daga filin jirgi ba. Idan ta Amurka ce, sai da bizar Amurka. Ka tantance hanya kafin ka biya kuɗin tikiti. Ka kuma duba tikitin da kyau: Cartagena za ka gani a rubuce, akwai wani gari mai wannan suna a Sifaniya, naka shi ne mai alamar CTG.

"Zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa." Rabi gaskiya. Cikin birnin ba a lissafa shi a wuraren da maleriya ke yaɗuwa, amma akwai zazzaɓin dengi, kuma sauron da ke ɗauke da shi da rana yake cizo. Saboda haka gidan sauro kaɗai bai wadatar ba, ka tafi da man shafawa mai korar sauro. Katin rigakafin shawara kuwa ka sa shi tare da fasfo. Allurar tana fara aiki kwana 10 bayan an yi ta, kuma tun 2016 sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

"Kolombiya ƙasar sanyi ce." Mai faɗin haka Bogota ya sani, wadda ke kan tudu mai tsayin kusan mita 2,600. Kartahena a bakin ruwa take, zafinta na kai maki 30 zuwa 32 kusan duk shekara, ga gumi mai naci irin na Legas. Rani daga Disamba ne zuwa Afrilu, ruwa ya fi sauka a Oktoba. Mahaukaciyar guguwar Karibiyan ba ta cika dira a nan ba, domin garin yana kudu da hanyarta. Tufafin auduga marasa nauyi sun isa, da riga ɗaya mai kauri saboda sanyin na'urar ɗakin taro.

"Da dala da Turanci ka gama." A manyan otal wataƙila. A titi Sifaniyanci ake yi, kuɗin kuma peso ne. Tasi ba su da mita, don haka ku gama ciniki kafin ka shiga. Daga filin jirgin Rafael Nunez zuwa cikin ganuwar tsohon garin tafiyar kamar minti 15 ce. A gidan abinci ana ƙara kashi 10 cikin ɗari na tukuici, amma ba dole ba ne. A bakin ruwa, mai tausa ko mai sayar da kawa zai ce ka ɗanɗana kyauta, daga baya ya kawo lissafi mai nauyi. Akwai mata masu riguna kala-kala da tiren kayan marmari a ka, ɗaukar hoto da su sana'arsu ce, ka tambayi kuɗi tukuna. Wutar lantarki ƙarfin 110 ce da soket irin na Amurka, sai ka nemi adafta. Agogonsu yana bayan na Najeriya da awa 6.

"Musulmi ba zai sami abin ci ba." Ba haka ba ne. Naman da aka yanka bisa shari'a yana da wuyar samu, naman alade kuma ya yawaita, cerdo suke ce masa, ka riƙe wannan kalma don tambaya. Amma abincin garin na asali soyayyen kifi ne da shinkafar kwakwa da soyayyar agada, kuma ko'ina akwai su.

Magana ɗaya da ake faɗa gaskiya ce tsantsa: garin ya cancanci ka ware masa yini. An kafa shi a 1533, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Nan aka sauke dubban 'yan Afirka da aka kamo bauta, jikokin waɗanda suka gudu suka 'yantar da kansu kuma suna nan a ƙauyen San Basilio de Palenque. Ka fara neman biza da wuri, ka yi ciniki kafin ka karɓi komai, sannan bayan taro ka hau ganuwa da yamma idan zafi ya sauka.