YADDA 'YAN KWANA-KWANAN WANI ƘARAMIN GARI SUKA KOYA WA JAMUS KASHE GOBARA

A ran Lahadi 28 ga Fabrairu, 1847, da yamma, jama'a sun cika babban gidan wasan kwaikwayo na birnin Karlsruhe, hedkwatar ƙasar Baden da ke kudu maso yammacin Jamus. Ba a kai ga fara wasan ba sai wuta ta kama wani labule daga ɗaya daga cikin fitilun iskar gas da ba a daɗe da sa wa gidan ba. Kafin a ce kwabo ta bi katako da yadudduka ta haye sama. Mutanen da ke zaune a ƙasa sun sami fita. Amma waɗanda ke can benen ƙarshe, inda kuɗin shiga ya fi araha, akasarinsu samari da 'yan mata, barori da masu koyon sana'a, sai suka taru a bakin ƙofa guda wadda ciki take buɗewa, na baya suna danna na gaba, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Fiye da mutum 60 suka halaka a wannan maraice.

Mutanen birni sun fito da bokitai da tsofaffin injunan ruwa kamar yadda aka saba, kowa na ihu, kowa na ba da umurni. Ana cikin haka sai ga wata ƙungiya ta iso a guje daga Durlach, wani ƙaramin gari da ke 'yan mil kaɗan gabas da birnin, suna jan injinsu da hannu. Gidan wasan kam ya riga ya fi ƙarfin kowa. Abin da ya rage shi ne a hana wutar tsallakawa zuwa gine-ginen da ke maƙwabtaka da shi a harabar fada, musamman dogon ginin da ake ajiye itatuwan lemo lokacin sanyi. Wannan kuwa shi ne aikin da mutanen Durlach suka yi. Suka kafa tsanuka, suka hau rufi da mesa a hannu, suka tsare wutar a inda take. Washegari babu zancen da ake yi, bayan na mamata, sai na waɗannan baƙi da suka yi aiki ba hayaniya, kowa ya san wurinsa, murya guda kawai ke ba da umurni.

Durlach gari ne da ya san zafin wuta tun da daɗewa. Tun daga 1565 nan ne mazaunin sarakunan wannan yanki na Baden, har zuwa 1689 sa'ad da sojojin Faransa suka cinna masa wuta, gidajen da suka tsira ba su kai goma ba. An sake gina shi, amma a 1715 sarki Karl Wilhelm ya kafa sabon birni a dajin da ke kusa, watau Karlsruhe, fada ta ƙaura, Durlach ya koma garin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu mai mutum 'yan dubbai kaɗan.

Dokar gobara a irin waɗannan garuruwa tsohuwa ce, kuma a takarda ba ta da laifi. Duk magidanci dole ya ajiye gugan fata a gidansa, in an kaɗa ƙararrawa ya fito. Sai a yi layi daga rijiya ko rafi, guga na bin hannu har ya isa ga injin, ƙarti su yi ta danna mariƙinsa sama da ƙasa. Injunan da kansu manya ne masu nauyi, da yawansu bututun da ke bisa kansu a kafe yake, saboda haka daga titi ake feshi, rabin ruwan ya zube a bango bai ga wuta ba. Babban aibin tsarin kuwa shi ne aikin na kowa ne, don haka ba na kowa ba ne. Ba wanda ya taɓa gwada shi sai ranar da wuta ta tashi. A watan Mayu na 1842 aka ga iyakar wannan tsari a Hambug, inda gobara ta yi kwanaki tana ci, daga ran 5 zuwa ran 8 ga wata, ta kashe mutum 51, ta bar kimanin 20,000 ba wurin kwana. Labarin ya girgiza majalisun garuruwa a duk faɗin ƙasashen Jamus.

A cikin wannan shekara ce wani saurayi makanike mai suna Carl Metz ya buɗe masana'anta a Heidelberg, yana ƙera injunan kashe gobara ƙanana masu ƙafa biyu, waɗanda mutane kaɗan za su iya ja su shiga lungu da su, kuma ana haɗa musu mesa. Metz ɗan kasuwa ne, amma ya gane abin da abokan sana'arsa ba su damu da shi ba: injin mai kyau a hannun wanda bai iya ba asarar kuɗin gari ne. Saboda haka duk inda ya sayar da inji sai ya matsa wa hukuma a zaɓi mutane na musamman a koya musu aiki da shi.

A Durlach ya gamu da wanda ya dace. Christian Hengst, wanda aka haifa a 1804, shi ne jami'in gine-gine na gari, kuma malami a makarantar koyon sana'a. Da majalisa ta sayi injin Metz a 1846, Hengst ya tara samari kimanin 50, da dama daga cikinsu 'yan ƙungiyar wasannin motsa jiki waɗanda suka saba da hawan igiya da tsani, ya kafa ƙungiyar da aka sa wa suna irin na Faransa, "Pompiers-Corps". Ba banza aka aro sunan ba, domin tun 1811 Napoleon ya kafa bataliyar 'yan kwana-kwana a Faris bisa tsarin soja, kuma daga can aka ɗauko dabaru da yawa, har da tsani mai ƙugiya da ake maƙalawa a taga a hau bene bayan bene.

Abin da Hengst ya kawo, in an duba da kyau, ba wani ƙarfe ba ne. Rabon aiki ne da atisaye. Ya kasa mutanensa kashi-kashi: ga masu hawa, waɗanda aikinsu ceton rai da kai bakin mesa har gaban wuta; ga masu danna inji; ga masu kawo ruwa. Kowane kashi da shugabansa, kowane umurni da kalmarsa, kuma ana maimaitawa a kai a kai ko da babu hayaƙi a ko'ina, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Watanni kaɗan ke nan da fara wannan horo sa'ad da gidan wasan Karlsruhe ya kama.

Ma'aikacin hukuma da ke karanta wannan labari zai lura da wani abu. Karlsruhe ita ce hedkwata, nan fada take, nan baitulmali yake, nan barikin soja yake, amma ba ta da abin da ƙaramin garin da ta ƙwace wa sarauta yake da shi. Ba kuɗi ta rasa ba. Cikin 'yan kwanaki bayan gobarar mutanen birnin suka kafa tasu ƙungiyar sa kai, a wannan shekarar ce kuma kalmar "Feuerwehr", watau masu tsaron wuta, ta fara bayyana a rubuce a Karlsruhe, ita ce har yau sunan 'yan kwana-kwana a harshen Jamusanci. Garuruwa suka riƙa aiko da wasiƙu da wakilai Durlach suna neman a nuna musu tsarin, Metz kuwa kasuwarsa ta buɗe.

Tafiyar ba ta rasa tuntuɓe ba. Juyin juya halin 1848 da 1849 ya yi tsanani a Baden, har aka gwabza a Durlach ɗin kansa ran 25 ga Yuni, 1849, tsakanin sojojin Prusiya da 'yan tawaye. Bayan haka hukumomi suka riƙa kallon ƙungiyoyin motsa jiki da idon zargi, domin da yawa daga cikin 'ya'yansu sun goyi bayan tawayen. Amma wuta ba ta jiran siyasa, ƙungiyoyin kashe gobara suka ci gaba da yaɗuwa. Barlin ta kafa ta ma'aikata masu albashi a 1851. Ran 10 ga Yuli, 1853, Conrad Dietrich Magirus, kwamandan 'yan kwana-kwanan Ulm, ya kira taron wakilan ƙungiyoyi a Plochingen, daga wannan taro ne haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'yan kwana-kwanan Jamus take lissafin asalinta.

Akwai gardama a kan wace ce ta fari. Mutanen Meissen suna cewa tasu ta 1841 ce, na Saarlouis kuma suna kai tasu har 1811, zamanin da garin ke hannun Faransa. Hujjojinsu na shekaru ba su da makusa. Sai dai Durlach ce aka gani da ido tana aiki a ranar tsanani, ita kuma aka kwaikwaya. A yau Jamus tana da ƙungiyoyin sa kai fiye da 20,000 masu mambobi wajen miliyan guda, alhali biranen da ke da 'yan kwana-kwana masu albashi ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Ma'ana, a yawancin ƙauyuka da ƙananan garuruwa, in an buga lamba 112, kafinta ne da malamin makaranta da manomi ke barin aikinsu su sa hular kwano.

Metz ya rasu a 1877, Hengst kuma a 1883. A 1938 aka haɗe Durlach cikin Karlsruhe, ƙungiyarsa ta zama reshe guda na 'yan kwana-kwanan sa kai na birnin, tana nan tana aiki har yanzu. Mamatan 1847 suna da dutsen tunawa a tsohuwar maƙabartar birnin. Gidan wasan da aka gina a madadin wanda ya ƙone an buɗe shi a 1853, shi ma bama-bamai suka ƙone shi a 1944, a filin ne kuma Kotun Tsarin Mulkin Jamus take zaune yanzu.