Shiga Gidan Haya Domin Gyara da Karatun Mita a Yamai

Gida na mai gida ne, amma daga ranar da ya karɓi kuɗin haya ya miƙa makulli, ƙofar ta koma hannun ɗan haya. Dokar haya ta Nijar ta 1996 da dokar farar hula da aka gada daga Faransa sun ɗora wa mai gida manyan gyare-gyare, kamar rufi da katanga da ramin shadda, sun kuma wajabta wa ɗan haya ya bari a yi gyaran da ba ya jiran lokaci. Amma nauyin gyara bai ba mai gida damar faɗawa duk sa'ad da ya ga dama ba. Musulunci ma ya riga ya tsara wannan a Suratun Nur, inda aka hana shiga gidan wani sai da sallama da izini.

Baƙin da suka fi yawan ƙwanƙwasa ƙofa su ne masu karatun mita: na NIGELEC, kamfanin lantarki da aka kafa a 1968, da na ruwa, wanda tun 2024 yake hannun kamfanin NDE bayan kamfanin SEEN. Idan mitar tana can cikin tsakar gida, ma'aikaci yakan zo da hantsi, lokacin da ɗan haya yake kasuwa ko ofis, mata ne kaɗai a ciki. Wata ba za ta buɗe ba, kuma tana da gaskiya. Sai ma'aikaci ya koma bai karanta ba, a rubuta kuɗi bisa ƙiyasi, rigima ta tashi a ƙarshen wata, musamman a gidajen haɗaka na Bukoki ko Talaje inda iyalai da yawa ke raba takardar wuta ɗaya. Mai gida mai hangen nesa yakan nemi a kafa mitar kusa da ƙofar waje. Mitar da ake sa wa kuɗi tun kafin a sha wuta ta rage wannan zirga-zirga sosai.

Gyara kuwa yana son sanarwa. A kira ɗan haya kwana ɗaya ko biyu kafin nan, a tsai da rana da sa'a tare da shi, a faɗa masa wa zai zo. Kada a turo magini ko mai gyaran famfo shi kaɗai; mai gida ko wakilinsa da aka sani ya rako shi, ya tsaya har a gama. Duba rufi da magudana a yi shi a watan Mayu, kafin damina ta sauka, don wanda ya ga ambaliyar 2020 a Harobanda da Saga ya san ruwa ba ya jiran a sami magini.

Makullin ajiya da mai gida ke riƙewa shi ne wurin da aka fi ɓata zumunci. A ganina amfaninsa ɗaya ne: gobara, ko bututun da ya fashe alhali ɗan haya ya yi tafiya. Ko a nan, a fara kiransa a waya, a shiga da maƙwabci ko mai unguwa a matsayin shaida, kuma a rubuta wannan sharaɗi cikin takardar haya tun ranar da aka sa hannu.