Ma'anonin Kalmar 'Mantle' ta Ingilishi da Matsalar Fassara Ta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aikin fassara daga Ingilishi zuwa Hausa ya san cewa ba baƙuwar kalma ce ta fi ba da wahala ba, domin ita da zarar an buɗe ƙamus an huta. Wadda ta fi wahalarwa ita ce kalmar da mai fassara yake zaton ya san ta, alhali kuwa fuska ɗaya tak ya sani daga cikin fuskokinta. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kalmomi ita ce 'mantle'. Ana cin karo da ita a littattafan tarihi da na addini, da na labarin ƙasa, da na nazarin halittu, da shafukan jarida, har ma a jikin kwalin kayan fitila, kuma a kowane wuri da abin da take nufi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun waɗannan ma'anoni, don a nuna cewa tushensu ɗaya ne, wato lulluɓi, amma duk da haka babu wata kalmar Hausa guda da za ta iya ɗaukar nauyinsu gaba ɗaya.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar ta samo asali ne daga 'mantellum' ta Latin, wadda ke nufin tufar da ake yafawa a kan sauran tufafi. Ta shiga Ingilishi sau biyu. Da farko tsohon Ingilishi ya aro ta da siffar 'mentel'. Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, sai siffar Faransanci ta wancan zamani, wato 'mantel', ta sake shigowa ta danne ta farko. Daga wannan tushe ne Faransanci na yau ya sami 'manteau', Jamusanci kuma ya sami 'Mantel', dukkansu da ma'anar babbar rigar sanyi. Abin lura a nan shi ne, tun asali kalmar ba kowace irin riga take nufi ba. Tufa ce marar hannu, wadda ake ɗorawa a kafaɗa ta sauko ta rufe abin da ke ƙarƙashinta. Idan an riƙe wannan siffa, sauran ma'anonin ba za su yi wuyar ganewa ba.

3.0 Daga Tufa Zuwa Muƙami

A ma'anarta ta farko, kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce alkyabba, ko kuwa mayafi idan ba a maganar sarauta ake ba. Turawan Ingila sun daɗe da daina amfani da irin wannan tufa a zaman yau da kullum, sai dai ta wanzu a bukukuwan fada. Alal misali, alkyabbar zinariya da aka ɗinka don naɗin Sarki George na Huɗu a 1821, ita ce aka yafa wa Sarki Charles na Uku ranar naɗinsa, 6 ga Mayu, 2023, kuma da wannan kalma ake kiran ta.

Haka kuma da ita ce masu rubutu da Ingilishi suke fassara kalmar 'burda' ta Larabci. An ruwaito cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yafa wa mawaƙi Ka'abu ɗan Zuhairu mayafinsa bayan ya rera masa ƙasidar yabo. Shahararriyar ƙasidar nan ta Imam Busiri, malamin Masar na ƙarni na 13, wadda almajirai a ƙasar Hausa suka sani da suna Alburda, ita ma Turawa da wannan kalma suke laƙaba mata suna. Saboda haka mai fassarar da ya tarar da sunan ƙasidar a littafin Ingilishi bai kamata ya ƙirƙiro mata sabon suna ba. Abin da ya dace shi ne ya mayar mata da sunanta da aka san ta da shi.

Ma'anar da ta fi yawa a jaridu kuwa ita ce ta muƙami ko nauyin shugabanci da wani ya gada daga wani. Wannan ta fito ne daga labarin Annabi Iliya da almajirinsa Elisha, wanda ya zo a sura ta biyu ta Littafin Sarakuna na Biyu a cikin Baibul. A labarin, lokacin da aka ɗauke Iliya sai mayafinsa ya faɗo, Elisha ya ɗauka, daga nan jama'a suka shaida cewa shi ne magajinsa. Fassarar Baibul ta 1611, wadda aka yi bisa umarnin Sarki James, ta yi amfani da kalmar a wannan wuri, kuma da yake fassarar ta ratsa harshen Ingilishi ƙwarai, sai 'ɗaukar mantle' ya zama salon magana. A yau ana faɗin haka ga ɗan siyasa, ko malami, ko ɗan wasa, ko da mai maganar bai san labarin ba.

A nan ne mai fassara yake bukatar natsuwa. Bahaushe ma yana danganta mulki da kaya, amma ba lalle ne kayan su zama iri ɗaya ba. Ana yi wa sarki alkyabba, gaskiya ne, sai dai abin da harshe ya riƙe a matsayin alamar sarauta shi ne rawani, shi ya sa ake cewa an naɗa wane. Idan shugaban jam'iyya ne ko na ma'aikata, cewa ake ya karɓi ragama. Idan malami ne ya maye gurbin malaminsa, cewa ake ya gaje shi, ko ya zama halifansa. Wanda ya rubuta cewa sabon kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallo ya ɗauki alkyabba, ya fassara harafi ne ya bar ma'ana.

4.0 Kalmar a Fagen Kimiyya

4.1 Cikin Ƙasa

Masana sun kasa duniya gida uku daga waje zuwa ciki, kamar dafaffen ƙwai mai ɓawo da fari da gwaiduwa. Ɓawon ƙasa siriri ne, kaurinsa kimanin kilomita 35 a ƙarƙashin nahiyoyi, a ƙarƙashin teku kuwa bai cika kai kilomita 10 ba. Can ciki akwai cibiya, wadda akasarinta ƙarfe ne. Kashin da ke tsakaninsu shi ake kira 'mantle'. Ya nutsa har zurfin kimanin kilomita 2,900, kuma shi ne kusan kashi 84 cikin ɗari na girman duniya. Masanin Kuroshiya Andrija Mohorovičić ne ya gano iyakarsa ta sama a 1909, ta hanyar nazarin yadda kaɗawar girgizar ƙasa take sauya gudu a wani zurfi, sa'an nan 'yan shekaru bayan haka Bajamushe Beno Gutenberg ya auna zurfin iyakarsa ta ƙasa.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, wanda ya ce 'mayafin duniya' zai sa ɗalibi ya ɗauka abin a waje yake, ko ma ya zaci iskar da ta kewaye duniya ake nufi. Alhali cibiya ce aka yafa wa mayafin, shi kansa kuma ɓawo ya rufe shi. Na biyu, sau da yawa akan ɗauka cewa wannan kashi narkakken dutse ne. Ba haka ba ne. Dutse ne daskararre, hujja kuwa ita ce akwai wani nau'in kaɗawar girgizar ƙasa da ba ya iya ratsa abu mai ruwa-ruwa, amma yana ratsa shi. Sai dai saboda tsananin zafi da danniya yana motsi a hankali, 'yan santimitoci a shekara, kuma wannan motsi yana da hannu a gusawar nahiyoyi. A wasu wurare ne kawai wani ɓangarensa yake narkewa ya fito a matsayin aman dutse. Don haka 'shimfiɗar tsakiya' ta fi 'mayafi' aminci a littafin makaranta.

4.2 Halittu

A jikin dodon koɗi da danginsa na ruwa akwai wata tattausar fata da ta lulluɓe kayan ciki, kuma ita ce take fitar da sinadarin da ke daskarewa ya zama katantanwa. Ita ce kuma take samar da lu'ulu'u a jikin wasu daga cikinsu, idan wani abu ya shige ta ta yi ta shafe shi. Wannan fata ma sunanta ke nan. Masu nazarin tsuntsaye kuma suna kiran gashin gadon bayan tsuntsu, tsakanin wuya da fukafukai, da wannan suna, domin a daidai inda alkyabba take zama yake.

4.3 Fitila

A 1885 wani masanin haɗa sinadarai na ƙasar Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya yi rajistar wata 'yar jakar zare da ake jiƙawa da sinadarai a ɗaura a bakin wutar fitilar gas. Idan an kunna, zaren yakan ƙone ya bar wata farar raga ta toka, wadda zafi ke sa ta ba da haske fari fat. A 1891 ya inganta ta da haɗin kashi 99 na sinadarin toriyom da kashi 1 na seriyom. Ita ce ake gani a fitilu masu famfo irin su Tilley da Petromax, kuma duk wanda ya yi amfani da su ya san taɓawa kaɗan take rugujewa. An ba ta sunan ne domin ta yafa wa harshen wuta. Kuskure ne a kira ta lagwani, domin lagwani mai yake zuƙowa, ita kuwa ba ta zuƙo kome, haske kawai take ƙarawa.

5.0 Aikatau da Dangin Kalmar

Kalmar takan zo a matsayin aikatau da ma'anar rufewa, musamman a adabi, inda akan yi amfani da ita ga duhu ko hazo ko dusar ƙanƙara. A nan Hausa ba ta da matsala, domin 'duhu ya lulluɓe gari' magana ce ta gida. Masu farauta da shaho kuma suna amfani da ita ga yadda tsuntsun yake baza fukafukai a kan abin da ya kama.

Akwai kuma 'yan'uwanta biyu. Ta farko ita ce 'mantel', wadda furucinsu ɗaya, asalinsu ɗaya, rubutu ne kawai ya raba su. Tana nufin ginin da ya kewaye murhun ɗumama ɗaki a gidajen ƙasashen sanyi, musamman kantar da ke bisansa. Ta biyu ita ce 'dismantle', wadda ta shigo daga Faransanci a ƙarni na 16. Asalin ma'anarta tuɓe wa mutum alkyabba, daga nan ta koma rushe ganuwar gari, domin an ɗauki ganuwa tamkar alkyabbar birni. A yau an fi amfani da ita ga kwance inji ko wargaza wani tsari.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa faɗaɗar ma'anar wannan kalma ta bi hanya biyu. Ɗaya ta bi siffar tufar, ta kai ga dutse da fata da fitila. Ɗaya kuma ta bi darajar mai tufar, ta kai ga muƙami da gado. Hausa ma tana da irin wannan ɗabi'a, kamar yadda 'baki' yake zama na mutum da na kogi da na wuƙa, amma kowane harshe da kalmomin da ya zaɓa ya faɗaɗa. Saboda haka abin da ya kamaci mai fassara, da malamin da ke koyar da shi, shi ne kafin ya nemi kalmar Hausa ya fara tambayar kansa: a wannan jimla, mene ne aka rufe, kuma me ya rufe shi? Idan babu abin da aka rufe, to, maganar gado ake yi.