Kafin Ka Sayo Kolet, Ka San Bakin Injinka

 Shirin namu na yau na masu sha'awar aikin ƙarfe ne, musamman wanda ya yi tari ya sayo tsohon injin sassaƙa ƙarfe, wato injin milin, ya kafa shi a gareji yana ɗokin jin kukansa.

Sandar da ke juyawa a kan injin, ita ce sifindil. A cikinta akwai rami mai faɗin baki, yana tsukewa zuwa ciki. Kolet kuwa ɗan mariƙi ne mai tsagu, shi ke shiga ramin, a ja shi daga sama da dogon ƙarfe mai zare, ya damƙe wuƙar yanka.

To, tsukewar nan kowane kamfani da tasa. Wani Ba'amurke, Stephen Morse, ya fito da tasa a 1864, tana raguwa da kusan kashi 5 cikin 8 na inci a kowace ƙafa. Ta kamfanin Brown & Sharpe rabin inci ce. Daga baya kamfanin Bridgeport ya zo da R8, ta zama ruwan dare, har sabon shiga yakan ɗauka duk injin Bridgeport ita yake ci. Ba haka ba ne. Tsofaffin kawunansa samfurin M, wasu Morse lamba 2 suke ɗauka, wasu Brown & Sharpe lamba 7.

Nan ne nake so ku kasa kunne. Bakin Morse lamba 2 milimita 17.8 ne, na Brown & Sharpe lamba 7 kuwa wajen 18.3. Ido ba ya raba su. Ka zura na ɗaya a ramin ɗayan, ya shige, ka ce an dace. Alhali zobe ɗaya siriri kawai ya taɓa, sauran jikin yana lilo. Wuƙa ta kama karkarwa, aiki ya fito da kaushi, ramin ya soma cinyewa. Abin yana ba ni takaici, domin injin da ya shekara 70 lafiya, a wata guda sai a lalata masa baki, gyaran kuma ya fi ƙarfin mai koyo.

Gwajin ba wuya. Goge ramin tas, ka shafa wa jikin mariƙin tawadar maka, ka zura da hannu ka ɗan murza, ka zaro. In tawadar ta goge daga sama har ƙasa, nasa ne. In wuri ɗaya ta goge, ajiye shi.

Sai zaren dogon ƙarfen nan da ke jan kolet. Morse lamba 2 akwai mai zaren inci, akwai mai zaren milimita, wato M10, kuma sun yi kusa ainun: zai hau zagaye biyu ko uku sannan ya cije. Kada ka ɗauko sifana ka tilasta masa.

Shawarata ga mai farawa ita ce kolet samfurin ER, wanda kamfanin Rego-Fix na Suwizalan ya ƙirƙiro a 1972. Mariƙin kolet ɗaya za ka nema mai gindin da ya dace da injinka, sai jerin ER32 ya riƙe maka wuƙa har milimita 20, kowane ɗaya yana matsewa da kusan milimita 1. Kolet ɗin R8 kuwa girman da aka rubuta masa kaɗai yake riƙewa da kyau.

Don Allah, ranar da za ku je saye, ku tafi da awon bakin injin a takarda, da ƙarfen jansa a hannu.